Yadda ake haɗa wa banso hanyar zuƙe garin katako a ƙaramin shagon gida

Banso, wato injin yankan katako mai zarto kamar bel da yake zagaya wili biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, ba ya feso gari a fuska kamar zarton tebur, shi ya sa mutane da yawa suke ɗauka ba shi da ƙura sosai. Amma ka tsaga katako mai kauri na minti goma sannan ka buɗe ƙofar ƙasa ka leƙa, za ka ga gari ya cika gidan wili, ya manne a robar wilin, ya shiga boris, mai laushin kuma ya bi iska ya tsaya a ɗakin kana ta shaƙa har bayan ka kashe inji. Wanda shagonsa yake cikin gida, a gareji ko zaure ko wani ɗaki a baya kamar yadda da yawanmu muke yi a nan Zariya, to ba shi kaɗai yake shaƙa ba, har da yara da mai ɗakinsa.

Kuma abin ba na wasa ba ne. Tun 1995 hukumar binciken cutar daji da ke ƙarƙashin WHO ta saka ƙurar katako cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa, musamman ta cikin hanci. Katakan da muke saya a 'Yan Katako ma kowanne da halinsa, iroko yana sa ƙaiƙayin fata da sarƙewar numfashi, obeche an san shi da tayar da asma, mansoniya tana sa atishawa har da haɓo, MDF kuwa, wato allon da ake yi da niƙaƙƙen katako a matse, garinsa ya fi kowanne laushi ga gam a cikinsa.

Abu ɗaya nake so ka riƙe kafin mu fara: a ƙarƙashin tebur ake kama garin, daidai inda haƙoran zarto suke fitowa daga cikin katako. Nan ne haƙori yake sakin abin da ya ɗauko. In ka bari ya wuce wannan wurin ya shiga gidan wili, wilin yana juyawa yana kaɗa iska, sai ya watsa shi ta kowace kafa. Yawancin masu haɗawa sai su huda ƙofar ƙasa kawai su sa tiyo, daga baya su ce abin ba ya aiki.

Kayan da za ka tanada

- Injin zuƙa, ko dai bakyum na shago ko bulawa mai fanka
- Fayif na PVC inci 2, kamar rabin mita ya isa, da gwiwa, wato mahaɗin kwana, biyu ko uku nasa
- In bulawa gare ka, fayif inci 4 da mahaɗi mai siffar Y
- Tiyo mai lanƙwasa wanda yake da waya ko zobe a jikinsa, wanda ba zai shafe ba in an zuƙa
- Kilif na ɗaure tiyo, ko waya mai ƙarfi
- Bokitin fenti mai lita 20 da murfinsa mai kamawa, ko ƙaramin durom
- Guntayen filawud, kwali, almakashi, fensir, tef na awo
- Tsohon tib na babur ko na mota
- Maganaɗisu, na bayan tsohuwar sifika ya wadatar
- Tsohon buroshin goge haƙori ko na takalmi
- Injin huda, magagari, samfefa, ƙananan noti da sukuru, gam ko silikon
- Tocila da takunkumi, N95 in ka samu

Fayif da gwiwa da kilif duk masu kayan famfo a Sabon Gari suna da su. Tiyon ne yake ɗan ba da wuya, in ba ka samu a wurinsu ba ka duba masu sayar da injin ban ruwa, tiyon da ake zuƙo ruwa da shi daga rafi yana yi, sai dai yana da nauyi da tauri. Ka tafi da guntun fayif ɗinka a hannu ka gwada a shagon kafin ka biya, domin inci 2 na wannan kamfani ba lallai ya shiga inci 2 na wancan ba.

1. Ka fara kallon inda garin yake zuwa

Ka share injin tas, ciki da waje. Ka sa takunkumi, ka kunna, ka tsaga guntun katako busasshe kamar guda uku ko huɗu. Sai ka kashe, ka zare filogi daga soket gaba ɗaya, kashe makunni kaɗai bai isa ba tunda hannunka zai shiga kusa da zarto, kuma kowa ya san yadda wutar NEPA take dawowa ba sallama. Ka haska tocila ƙarƙashin tebur ka ga inda gari ya fantsama, ka buɗe ƙofar ƙasa a hankali ka ga kusurwar da ya fi taruwa, ka yi wa wurin alama da alli. Injin da kansa ya nuna maka inda za ka huda kenan. Kowane banso da nasa, kar ka kwafi na wani.

2. Ka san irin injin zuƙar da kake da shi

Nan ne ake yawan ɓata kuɗi. Bakyum yana da ƙarfin ja amma iskar da yake ɗauka kaɗan ce, saboda haka siririn tiyo yake so da ƙaramin baki kusa da zarto. Bulawa kuwa iska mai yawa take ɗauka amma ba ta da ƙarfin ja, in ka matse mata hanya da siririn fayif sai ta zama kamar mai shan kunu da tsinken lemo, ƙara kawai za ka ji ba aiki. Ita fayif inci 4 take so. Ka tuna cewa fayif inci 4 filin ramin cikinsa ya ninka na inci 2 sau huɗu ne, ba sau biyu ba.

Toh in bakyum gare ka, baki ɗaya za ka yi, na ƙarƙashin tebur, ka tsallake mataki na 6. Kar ka raba jansa gida biyu, duka biyun za su mutu. In bulawa ce sai ka yi baki biyu, babba a ƙofar ƙasa, ƙarami a ƙarƙashin tebur. Ni a ganina mai banso inci 14, wato girman wilinsa, ko ƙasa da haka wanda yake aiki shi kaɗai a gida, bakyum da bokiti sun ishe shi, kuma sun fi sauƙin samu. Bakyum ɗin share kafet na ɗaki dai ba na ba da shawararsa, jakarsa ƙarama ce kuma motarsa ba a yi ta don dogon aiki ba, tana zafi ta ƙone.

3. Ka gwada da kwali tukuna

Ka duba ratar da ke tsakanin abin da yake riƙe zarto a ƙasan tebur, wato boris ko tubalan nan na gefe da na baya, da kuma inda zarton yake shiga gidan wili. A wannan ratar bakinmu zai zauna. Ka naɗe kwali ya yi kamar fayif, ka tsaga shi, ka zura ka gani ko ya samu wuri. Yana nan a wurin ka yi abu uku. Ka kwance tebur ka karkata shi har digiri 45 ka ga ko ya taɓa. Ka gwada kai hannu ga notin da kake saita boris da su. Ka buɗe ƙofar ƙasa ka rufe. Duk abin da zai hana ka canza zarto cikin sauƙi, wallahi sati biyu ba za a yi ba za ka cire shi ka ajiye a lungu, saboda haka tun a kwali ake gyara wannan.

4. Yanka bakin

Ka yanki fayif inci 2 kamar santimita 15 zuwa 20. Daga baki ɗaya ka tsaga shi a tsaye, sama da ƙasa, tsaga biyu masu kallon juna, yadda zarto zai ratsa ta tsakiyar fayif ɗin daga sama ya fita ta ƙasa. Faɗin tsagar milimita 5 zuwa 6, tsawonta kuma ya wuce faɗin zarto mafi faɗi da kake amfani da shi da kamar santimita 2. Kaurin zarton bai kai milimita ɗaya ba, amma yana rawa lokacin aiki, shi ya sa ake ba shi fili. Ka bi bakin tsagar da samfefa ya yi sumul.

Ta baya ake zura shi, tsagar ta haɗiye zarton, buɗaɗɗen bakin ya ɗan wuce haƙora ta gaba, tiyo kuma ya kama ta baya. Dalilin da ya sa na fi son haka shi ne iska tana shigowa ta gaba, ta ratsa tsakanin haƙora ta kwashe garin da ya maƙale a cikinsu, ta wuce da shi baya, kuma tiyo ba ya dukan gwiwarka kana aiki. Wannan bakin na gaba kar ka toshe shi gaba ɗaya. Ka rufe kamar rabinsa da guntuwar roba ko filawud, sauran rabin ka bar wa iska, hakan yana ƙara mata gudu daidai wurin haƙoran.

Tsagar sama za ka iya ɗan buɗe ta ta yi faɗi kamar mazurari, har milimita 10 ko 12 a wajen haƙora, saboda garin da yake zubowa daga tebur ya faɗa ciki. Ta ƙasa ita ce ake so ta matse, domin ita ce ƙofar da gari yake bi ya shiga gidan wili. Wasu suna manna roba biyu na tib a tsagar ƙasa suna shafar gefen zarton kaɗan, yana taimakawa, amma robar ta tsaya a bayan haƙora kar su kama ta.

In ratar ta yi ƙanƙanta fayif bai shiga ba, ka tsoma bakinsa a tafasasshen ruwa na ɗan lokaci, zai yi laushi, sai ka matse shi tsakanin katako biyu ya baje har ya huce, sannan ka yi tsagar. Kar ka gasa shi a wuta, hayaƙin PVC guba ne. In kuma mota ko jikin injin ya tare bayan, ka kwantar da fayif ɗin ta gefe, ka yanka tsagar a gicciye, tiyo ya fita ta dama, amma ka sake gwada karkata tebur domin ta wannan gefen yake sauka. Wanda bai samu fayif ba sam, ƙaramin akwati na siririn filawud mai tsaga iri ɗaya da rami na tiyo a baya yana yin aikin, har ma ya fi sauƙin daidaitawa da injin da ƙarƙashinsa yake da lungu-lungu.

5. Kafa shi

Abin da ake nema shi ne ya zauna daram ba ya motsi in inji yana girgiza, kuma ya fita cikin daƙiƙa kaɗan in za ka canza zarto. Hanyar da ta fi min ita ce a yanka guntun katako a yi masa kwarmi daidai cikin fayif, a ɗaure fayif ɗin a kai da kilif, sannan a manna maganaɗisu a ƙasan katakon ya kama jikin injin. Maganaɗisun sifika yana da ƙarfi sosai in ya zauna a kan ƙarfe mai shafe. Ka ƙara ɗan katako a gefe a matsayin tokari yadda duk lokacin da ka mayar zai koma wurinsa na farko ba sai ka yi ta saiti ba.

In jikin injinka alminiyom ne maganaɗisu ba zai kama ba. Sai ka nemi wani noti da yake wurin tun asali, ka sa mai walda ya lanƙwasa maka ɗan ƙarfe mai rami biyu, ɗaya ya shiga notin ɗaya ya riƙe fayif. Kar ka huda tebur ko ƙafafun da suke riƙe shi, zubin ƙarfe ne, yana tsagewa, kuma samun madadinsa a nan aiki ne babba.

Nauyin tiyo kar ya rataya a kan bakin. Ka ɗaure tiyon a ƙafar injin ko a bango da waya ko robar tib, bakin ya ɗauki kansa kawai. In ba haka ba a hankali tiyo zai ja shi ya karkace, ranar nan sai ka ji haƙora suna cin roba.

6. Baki na biyu a gidan wili, ga mai bulawa

Wasu injinan sun zo da wannan ramin daga kamfani, in naka yana da shi sai ka auna ka nemo abin da zai shiga. In babu, ka koma wurin da ka yi wa alama da alli. Ka cire ƙofar daga jikin injin ka kwantar da ita a benci, ka ɗora fayif inci 4 ka zagaye da fensir, ka yi ƙananan huda a jere a cikin layin, ka fasa tsakaninsu, ka gyara da magagari. In ba ka da haƙurin wannan ka kai wa mai walda ƙofar kawai, ba injin ba, kuma ka goge garin da yake jikinta kafin wuta ta taɓa ta.

Ka yanka filawud murabba'i mai rami a tsakiya daidai fayif, ka cusa guntun fayif a ciki da gam, ka ɗaure filawud ɗin a wajen ƙofar da noti huɗu. Kan notin ya kasance ta ciki, doguwar jelar ta waje, kuma fayif kar ya leƙa ciki ko kaɗan, domin tsakanin ƙofa da wili ratar ba ta da yawa. In bayan gidan wilin ko ƙasansa akwai fili, can ya fi ƙofa, saboda ba sai ka cire tiyo duk lokacin da za ka buɗe ba.

7. Buroshi a kan wili

Wannan ƙaramin abu ne amma kar ka tsallake shi. Ka yanke kan buroshin, ka ɗaura shi a ɗan ƙarfe ko katako a cikin gidan wilin ƙasa yadda gashinsa zai riƙa shafar robar wilin a wurin da zarto ba ya kwance a kai, wato ta saman wilin. Shafa kawai, ba dannawa ba. Garin da ya manne a roba yana taruwa ya yi tudu, zarto ya fara gudu gefe, ka yi ta saiti kana zargin zarton. Masu yanka ɗanyen katako ko mai ƙaro su suka fi buƙatarsa.

8. Toshe kafofi, amma ba duka ba

Ka yanka robar tib siriri ka manna a gefen ƙofar ƙasa inda take da rata, da sauran ramukan da ka ga gari yana fita. Amma ka sani inji ba ya zuƙar gari sai da iska, iskar ce take ɗauke shi. In ka rufe ko'ina ruf, iska ba ta da ta inda za ta shigo, garin zai kwanta a ciki ko da bulawa tana ta ihu. Ka bar mashiga ta sama wajen da zarto yake shigowa, yadda iska za ta bi hanyar garin ta gangara da shi zuwa bakin fayif.

Ɗan faifan nan na tsakiyar tebur da zarto yake ratsawa, ka yi masa huda ƙanana guda biyar ko shida na milimita 4 ko 5 a gefe da gefe. Suna jan garin da yake taruwa a kan layin yanka. In kana yanka ƙananan abubuwa da za su iya maƙalewa, ka ajiye wani faifan marar huda ka riƙa canzawa.

9. Bokitin tsakiya

In ka haɗa banso kai tsaye da bakyum, filta zai toshe cikin ɗan lokaci, jan ya mutu. Bokiti a tsakiya shi yake tare yawancin garin kafin ya kai can. Ka yi rami biyu a murfin, ɗaya a tsakiya ɗaya a gefe. Na gefen shi ne mashiga daga banso, ka sa masa gwiwa ta ciki ta kwanta tana kallon bangon bokitin a gicciye, yadda iska za ta shigo tana zagaye. Na tsakiyar shi ne mafita zuwa bakyum, guntun fayif a tsaye wanda ya leƙa ciki kamar santimita 3 zuwa 5 kawai. Gari ya fi iska nauyi, yana zagaye yana gogar bango yana faɗawa ƙasa, iska kuma ta fice ta tsakiya.

Murfin fenti siriri ne, ka ƙara masa faifan filawud a sama ya riƙe fayif ɗin, ka bi gefen ramukan da silikon. Ko ƙaramar kafa a murfi tana rage aikin sosai. In kana so ya ƙara kyau, ka rataya wani faifan filawud a ƙasan gwiwar da dogayen noti uku, ka rage gefensa da kamar santimita 3 a kashi biyu cikin uku na zagayen, sauran kashi ɗayan ya taɓa bango daidai ƙarƙashin inda iska take shigowa. Garin yana faɗawa ta ratar, faifan kuma ya hana iska sake tayar da shi.

Bokitin roba yana iya lotsewa in tiyo ya toshe. Maganinsa ka cusa shi cikin wani bokitin irinsa su zama biyu, ko ka sa zoben filawud a cikinsa wajen tsakiya. Ga mai bulawa durom ya fi, da fayif inci 4 a duka ramukan. Kuma ka ɗaure bokitin a kan faffaɗan katako, in babu komai a ciki tiyo yana kayar da shi.

10. Jan tiyo

Gajere, miƙaƙƙe. Tiyo mai zobe yana cin ƙarfin iska fiye da fayif mai santsi, saboda haka in akwai nisa ka ja fayif, tiyo ya zama a ƙarshe kawai, mita ɗaya zuwa biyu. Inda za ka yi kwana, gwiwa biyu masu digiri 45 sun fi guda ɗaya mai 90. Mai bulawa ya sa mahaɗin Y kusa da injin, babban reshe zuwa gidan wili, ƙaramin zuwa ƙarƙashin tebur, banda mahaɗin T. In ka ga ƙaramin reshen ba ya ja, ka ɗan rage bakin babban da guntun filawud mai zamewa har jan ya rabu daidai. Mahaɗan kar ka sa musu gam na dindindin, ka naɗe da robar tib, domin ranar da guntun katako ya maƙale za ka so ka buɗe.

11. Maganar wuta

Bakyum na shago yawanci yana cin wat 1200 zuwa 1400, motar banso inci 14 kuma tana tsakanin wat 550 da 750, kuma lokacin tashi tana jan fiye da haka ninki. Ƙaramin janareta irin wanda bai kai wat 1000 ba ba zai ɗauki bakyum shi kaɗai ba ma, balle su biyu. Ka duba lambar da ke jikin kowane inji ka haɗa lissafi ka bar rara mai kyau. A kan janareta ka fara kunna banso ya gama tashi, sannan bakyum, sannan ka fara yanka. In wuta ta yi ƙasa har ka ji muryar mota ta canza, ka dakata. Kar ka haɗa su a siririyar wayar ƙari guda ɗaya, tana zafi, ga gari a ƙasa. Wanda ya sayi na hannu da aka shigo da shi daga Amurka ya duba da kyau, nasu na wuta mai volt 120 ne namu 230, sai da taransfoma mai ɗaukar nauyinsa.

12. Gwaji

Filogi a zare, ka juya wilin sama da hannu zagaye uku ko huɗu kana saurare. In ka ji ko ɗan ƙaramin gogawa ka gyara tukuna. Ka rufe ƙofofi, ka kunna injin zuƙa shi kaɗai, ka ɗauki siririyar leda ko gashin kaza ka bi mahaɗai da murfin bokiti da shi, duk inda aka ja shi akwai kafa. Kar ka yi wannan gwajin da turaren tsinke ko ashana, garwashi ɗaya in ya shiga bokiti ya isa. Sai ka tsaga irin katakon da ka tsaga a mataki na 1, adadi ɗaya, ka buɗe ƙofar ƙasa ka kwatanta. Ba zai zama babu gari sam ba, amma bambancin ya kamata ya fito fili. A rufe taga a haska tocila ta gefen tebur ana yanka, za ka ga mai laushin da yake tsere wa bakin, ka matsar da shi sama kaɗan ko ka rage buɗewar gaba.

In har yanzu gari yana yawa a kan tebur, ka duba zarton kansa. Dakusasshen zarto niƙa yake yi ba yanka ba, garinsa ya fi laushi. Mai haƙora da yawa kuma in aka sa shi a katako mai kauri ramukan haƙoransa suna cika su zubar a hanya, don tsaga mai kauri haƙori 3 ko 4 a inci ya fi.

In babu injin zuƙa

Masu walda suna iya haɗa bulawa da tsohuwar mota da fanka na ƙarfe, a Panteka ta Kaduna ma ana yin irinsu. Ka tabbata an daidaita fankan ba ya girgiza, kuma bokiti ko durom ya kasance kafin fankan saboda guntun katako kar ya doke shi. Inda iskar take fita, buhun hatsi ba ya tare mai laushi, ta jikinsa yake fitowa ya dawo maka ɗaki, yadi mai kauri sosai ake ɗinkawa doguwar jaka, ko a fitar da fayif ɗin waje ta bango. In za ka fitar waje ka duba ina yake kallo, kar ya zama wajen madafi ko igiyar shanya ko tagar maƙwabci, musamman a gidan haya.

Wanda ba shi da halin ko ɗaya a yanzu, ya yi rami a ƙasan gidan wili ya sa fayif inci 4 a tsaye zuwa cikin bokiti mai murfi, manyan garin za su gangara da kansu, ya sa buroshin wili, ya jawo injin kusa da ƙofa, takunkumi kuma dole. Wajen shara a yayyafa ruwa kafin a sa tsintsiya. Hure inji da iskar kwamfaresa a cikin ɗaki kuwa a daina, duk abin da ya kwanta sai ya tashi.

Kula da shi yau da gobe

Ka juye bokiti kafin ya wuce rabi, kuma kar gari ya kwana a ciki. In zarto ya ci ƙusa ka ga tartsatsi, ka kashe komai ka buɗe bokitin ka duba, domin wuta tana iya cin gari a ɓoye na awoyi kafin ta nuna kanta, mu kuma a garin nan mun san abin da gobara take yi wa wurin katako. Ƙarfe ko alminiyom ba a yanka shi da zuƙa a kunne. Filta a waje ake kakkaɓe shi, da takunkumi, iska tana bayanka.

Lokacin hunturu da iska ta bushe fayif ɗin roba yana tara lantarki, ka taɓa ya ɗan ja ka, gari kuma ya manne a jikinsa ta waje. Ka naɗa siririyar wayar tagulla marar riga a jikin fayif ka ɗaure ƙarshenta a jikin injin da yake da wayar ƙasa, yana ragewa. Da damina kuma matsalar danshi ce, garin ɗanyen katako yana dunƙulewa a kwana ya toshe, in ya kwana a gidan wili ya sa tsatsa, saboda haka bayan irin wannan aikin ka bar injin zuƙa ya yi minti ɗaya yana ja ba tare da yanka ba, sannan ka buɗe ka goge.

Masu kiwon kaji za su zo neman garin. Na banso ya yi laushi da yawa ga 'yan tsaki, aski na injin fere katako ya fi musu. Wanda ya fito daga MDF ko filawud ko katako mai fenti da wanda aka sa wa maganin gara, ka ware shi daban tun daga bokiti, kar ya je ɗakin kaji kuma kar a hura murhu da shi.